Tsakanin Faifai da Memori: Wa Ya Riƙe Amanar Murya?

Masu iya magana sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Babu mai gardama da wannan. Sai dai karin maganar bai faɗa mana abin da za mu yi ba idan mai ita ya riga mu gidan gaskiya, aka bar mu da ɗan abin da na'ura ta tsinta ranar da aka kafa masa ita a gaba. Wannan tambaya ta tsaya mana a rai tun wata hira da muka halarta a Ƙaura Namoda, kuma ita muke son mu tattauna da mai karatu a wannan fitowa.

Bayan la'asar ne, a wata majalisa da ba ta da nisa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Wani saurayi mai shagon tura waƙoƙi a waya ya kunna Bakandamiyar Narambaɗa, ya ajiye wayar a kan benci. Ba a yi nisa ba sai wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce, "Yaro, kashe abin nan. Wannan ba muryar Narambaɗa ba ce, hancinsa ne." Aka yi dariya. Dattijon nan kowa ya san shi da adana. Yana da akwatin ƙarfe cike da fayafayan Shata da na Ɗanmaraya Jos, ga kuma kaset-kaset na Narambaɗa da Ɗanƙwairo waɗanda ya ɗauka da hannunsa daga Rediyon Kaduna. Saurayin ya sunkuyar da kai cikin ladabi, sannan ya ce, "Baba, gaskiya ne. Amma nawa mai hancin kullum ana jin sa. Naku masu kyau ɗin, yaushe rabon da wani ya ji su?" Dattijon ya yi shiru, domin injin da ke juya fayafayan nasa ya daɗe da mutuwa, akwatin kuwa ba ya yarda kowa ya buɗe.

Mun tashi daga wurin muna ganin kowanensu ya faɗi gaskiya, kowanensu kuma yana da laifi. Kafin mu yanke musu hukunci, ya kamata mu san abin da suke gardama a kansa.

Faifan garmaho na farko da ya yaɗu a ƙasashenmu shi ne mai juyawa sau 78 a minti ɗaya. Yana da nauyi, yana fashewa kamar tangaran, kuma gefe guda ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti uku da 'yan kai. A shekarar 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da faifan roba mai juyawa sau 33 da sulusi, wanda gefensa ɗaya kan kai minti ashirin. Irinsa ne kamfanoni kamar EMI suka buga wa Shata da Ɗanmaraya. A kan faifai, an sassaƙa sautin ne a cikin wata siririyar kwari mai zagayawa, allura na bin ta tana karkarwa, lasifika na mayar da karkarwar nan murya. Don haka duk juyi ɗaya allura na cin faifan kaɗan, ƙurar hunturu na zama a cikin kwarin tana ƙas-ƙas, zafin bazara kuwa na lanƙwasa shi. A 1963 kamfanin Philips ya fito da kaset, wanda daga baya ya shiga kowane lungu na ƙasar Hausa. A 1982 faifan CD ya bayyana, shi kuwa ba ya sassaƙa sauti, auna shi yake yi sau 44,100 a daƙiƙa ɗaya ya rubuta awon da lambobi. An zaɓi wannan adadi ne domin ya wadatar da iyakar abin da kunnen ɗan Adam ke ji. Bayansa sai MP3, wanda ke zubar da ɓangarorin sautin da ake zaton kunne ba zai lura da su ba, har waƙa ta koma wajen kashi ɗaya cikin goma na girmanta. Shi ne ya sa waƙa dubu ke shiga memorin da bai kai farcen babban yatsa ba.

A ƙasashen Turawa gardamar faifai da sautin lambobi ta zama ta 'yan gayu. A Amurka, a shekarar 2022, an sayar da fayafayan roba fiye da CD, abin da rabon a gani tun 1987. Masu son faifai suna cewa sautinsa ya fi ɗumi da rai, masu son lambobi suna cewa ɗumin nan gurɓata ce da kunne ya saba da ita. Su dai suna gardama ne cikin wadata, domin waƙar da suke musu a kanta tana nan a ajiye a rumbun kamfani, duk wanda ya yi nasara ba abin da zai ɓata. Mu tamu gardamar ta marayu ce. Sau da yawa kaset ɗin da ke ƙarƙashin gadon wani dattijo a Moriki ko Badarawa yana iya zama mafi tsabtar abin da ya rage na wata waƙa a duniya.

Mu fara da dattijonmu. Yana ganin abin da ke akwatinsa shi ne asali. Anya kuwa? Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali ta ƙasar Shinkafi, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, bai shirya waƙarsa don allura ba. Ya shirya ta ne don ƙofar fada, inda sarki ke zaune, fadawa na kewaye, 'yan amshi na karɓa, kotso na magana, wanda ake yi wa zambo yana nan a wurin yana haɗiye fushi. Makaɗin fada kan ƙara ɗa a waƙa ko ya rage gwargwadon wanda ya shigo da abin da aka ba shi, shi ya sa waƙa ɗaya ba ta fita iri ɗaya sau biyu. Abin da na'ura ta kama rana ɗaya ce daga cikin ɗaruruwan ranaku, kuma ta kama ta da kunne ɗaya, daga inda aka ajiye ta. In faifan minti uku ne, to an datse waƙar ta yi daidai da shi, kamar a yanke wa mutum ƙafa don ya shiga gado. Saboda haka faifai da kaset su ma riwaya ce. Sun dai fi kusa da bakin mai ita, amma ba su ne bakin ba.

To saurayin fa? Shi yana ganin tunda ta shiga kwamfuta, ta tsira. A nan ma akwai gyara. Gaskiya ne sautin lambobi, idan aka kwafe shi yadda yake, ba ya raguwa ko da an kwafa sau dubu, abin da kaset bai taɓa iyawa ba. Amma mu dubi hanyar da Bakandamiyar da ke wayarsa ta biyo. Wani ya kara rikoda a bakin rediyo ya ɗauka. Mai shagon kaset a kasuwa ya kwafa daga wannan, wani ya kwafa daga nasa, kowace kwafa tana ƙara shuu tana rage kaifin murya. Batir ya yi sanyi a wani wuri, zaren ya yi gudu a wani, muryar dattijo ta koma ta yaro. Bayan shekaru wani ya juye ta a kwamfuta, ya matse ta don ta shiga ƙaramin memori. Wani kuma ya kunna ta a lasifika ya sake ɗauka da saƙon murya na WhatsApp. Abin da ya zube a wannan doguwar hanya ba ya dawowa. Ko an mayar da ita babban fayil, an zuba ruwan kwalba ne a randa, randar ba ta cika ba.

Wani zai ce, to mene ne? Ai ana jin kiɗa, ana gane gindin waƙa. A nan ne muke ganin maganar ta tashi daga sha'awa ta koma amana. Waƙar fada ta Hausa magana ce kafin ta zama kiɗa. Harshenmu kuwa yana rarrabe ma'ana da hawa da saukar murya, da tsawon wasali, da ƙarfin baƙi. Idan sauti ya dusashe, abin da ke fara tafiya shi ne kaifin baƙaƙe irin su s da sh da ts da f, sai kalma ta yi kama da 'yar'uwarta. Ga shi kuma Narambaɗa da Hausar Gobir da Zamfara yake waƙa, cike da sunayen garuruwa da dawaki da kakannin sarakuna waɗanda yaron Kano ko Zariya bai taɓa ji ba. Kunnen da bai gane kalma ba ba ya barin gurbinta, cike shi yake yi da wadda ya sani. Daga nan wani ya rubuta kuskuren a Facebook, ɗalibi ya kwashe ya sa a kundin digirinsa, bayan shekara ashirin kuskuren ya zama shi ne waƙar. An sa wa mamaci magana a baki, ba shi da ikon cewa ba haka na faɗa ba. Manazarta irin su Sa'idu Muhammad Gusau da Aliyu Muhammad Bunza, wanda ya wallafa littafi sukutum a kan Narambaɗa a 2009, sun yi wahalar bin kalmomin makaɗan nan suna rubutawa. Amma rubutu ba ya ɗaukar karin murya, ba ya ɗaukar abin da kotso ke faɗi. Mai son tabbatarwa dole ya koma ga sauti, kuma gwargwadon tsabtar sautin gwargwadon gaskiyar da zai samu.

Magabatanmu sun san wannan matsala tun kafin a ƙera garmaho. Littattafan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da na Abdullahin Gwandu da waƙoƙin Nana Asma'u da hannu aka riƙa kwafarsu, daga zaure zuwa zaure. Mai kwafa na ƙwarai yakan gwada abin da ya rubuta da wanda ya kwafa daga gare shi, sau da yawa yakan sa sunansa a ƙarshe, ya roƙi gafara a kan kuskuren alƙalami. Inda bai gane ba, ba ya ƙaga nasa. Mai littafi kuma ya san cewa ba da aro don a kwafa shi ne ke raya littafin, wanda ya kulle nasa gara ce ke karanta shi. Ba muna daidaita waƙar fada da littafin addini ba ne, Allah Ya kiyaye. Tarbiyyar riwaya muke nufi, wato ka karɓa da kula, ka miƙa yadda ka karɓa, ka faɗi daga wa ka karɓa. Da wannan ma'auni, dattijonmu ya cika sharaɗin farko ya kasa na biyu, saurayin kuwa yana miƙawa dare da rana ba tare da ya san abin da ya karɓa ba.

Laifin dattijon sunansa rowa, ko da shi yana kiransa tattali. Muna fahimtarsa. Ya taɓa ba da aron kaset ba a dawo da shi ba, ya ga an zauna a kan faifai ya tsage. Kuma akwai wani daɗi da mai adana ke ji idan ya san yana da abin da babu mai shi. Amma mu tambaye shi: robar taka ce, ka saya da kuɗinka, muryar da ke ciki fa ta wa ce? Ta makaɗin ce da 'yan amshinsa da zuriyarsu, ta garin da ya haife shi ce, ta masu jin harshen ce har waɗanda ba a haifa ba. Mai faifai mai ajiya ne kawai. Mun sha ganin yadda irin wannan akwati ke ƙarewa. Ranar rabon gado babu mai sa shi a lissafi. Yara su yi wasan mota da fayafayan, zaren kaset kuwa a ɗaure shi a gonar gero don korar tsuntsaye.

Laifin saurayin sunansa sakaci. Amma kada mu yi saurin raina shi. A zamanin da jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda, a 1929, da shekarun da suka biyo baya, garmaho kayan sarakuna ne da attajirai da manyan ma'aikata. Talaka sai dai ya tsaya a bakin zaure ya saurara. Kaset ne ya fara karya wannan shinge, memori ya ƙarasa rushe shi. Yau manomi a fadamar Shinkafi da ɗan acaɓa a Zurmi suna jin Dokin Iska a wayar da ba ta kai kuɗin buhun gero ba. Da babu gara ba daɗi. In da an bar wa masu akwati kaɗai, da yaran yau ba su san an yi wani Narambaɗa ba. Abin da muke tuhumarsa da shi shi ne rashin damuwa. Waƙar wani a laƙaba wa wani, babu sunan wanda aka yi wa, babu inda aka samo ta, a datse farkonta a liƙa tallar shago. Yanzu kuma ga wata sabuwar fitina, manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu wanke sauti. Suna cire shuu, amma a inda murya ta dusashe suna iya cike gurbin da zatonsu, su fito da wata murya mai sheƙi wadda mai ita bai taɓa yi ba. Gyara ba laifi ba ne in an ajiye na asali kuma an faɗa cewa wannan gyararre ne. In ba a faɗa ba, jabu ne, komai daɗinsa.

Akwai ƙalubalen da ya fi waɗannan nauyi, kuma ba za mu kauce masa ba. Mai karatu na iya cewa, mutanen Zurmi da Shinkafi suna kwana da ido ɗaya saboda 'yan bindiga, ƙauyuka sun watse, gonaki sun zama kufai, ku kuwa kuna zancen ƙas-ƙas ɗin faifai? Muna karɓar wannan da girmamawa. Rai ya fi waƙa, babu tantama. Amma wannan masifa ita ce ta sa maganar ta zama ta gaggawa. Wanda ya gudu da dare da 'ya'yansa ba ya ɗaukar akwatin kaset. Tsofaffin da suka san wane ne wane a cikin waƙa, suka san dalilin kowane habaici, suna ƙarewa a gidajen aro a Gusau da Ƙaura, babu mai tambayarsu. Mutanen da aka raba da garinsu kuwa suna bukatar abin da zai tuna musu cewa ƙasarsu ta haifi abin da ya wuce labarin kisa. A watan Satumba na 2021, da aka rufe layukan waya a faɗin Jihar Zamfara aka kuma dakatar da kasuwannin mako, har da ta Alhamis a Shinkafi, mun koyi wani darasi. Wanda ya dogara da YouTube ya wayi gari ba shi da komai, mai memori da mai tsohuwar rikoda su suka ci gaba da sauraro. Abin da ke intanet kayan aro ne, abin da ke akwati ɗaya kuwa gobara ɗaya ta ishe shi. Babu ɗayansu da ke tsira shi kaɗai.

Wani kuma zai ce, duka za a adana? Har da Kassu Zurmi, makaɗin 'yan tauri, wanda ya yi wa ɓarayi waƙa? A ƙasar da ta sha wuya a hannun masu ɗaukar makami, wannan tambaya ba ta wasa ba ce. Amsarmu ita ce adanawa dabam, yabawa dabam. Ba mu ce a kunna wa yara kirarin ɓarawo a makaranta ba. Amma al'ummar da ke son ta gane yadda ta'adi ya samu kirari a cikinta, da yadda ake zuga namiji har ya manta da mutuwa, tana bukatar ta ji shaidar da kunnenta, yadda take, ba a goge ba. Wanda ya zaɓi abin da zai bari na baya su ji don ya gyara wa kakanninsa suna, shi ma ya taɓa amanar, ko da niyyarsa kyakkyawa ce.

Me ya rage a yi? Abin ba shi da tsada kamar yadda ake zato. Mai akwati ya buɗe akwatinsa. Ba sai ya rabu da ko faifai ɗaya ba, a zo gabansa da inji mai kyau da kwamfuta, a juye kowane faifai da kaset sau ɗaya, a cikakken awo, ba matsewa ba gyara. A rubuta sunan makaɗi, da wanda aka yi wa waƙar, da inda aka samo ta, da sunan mai ajiyar, domin shi ma ya shiga salsalar riwaya. A zaunar da tsofaffi su fassara kalmomin da suka shige duhu, a ɗauki bayaninsu. Wannan uwar kwafa a ajiye ta a wurare da dama, kamar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, da sassan Hausa na jami'o'in Gusau da Sakkwato, da hannun iyalan makaɗan kansu. Daga ita sai a fitar da ƙananan da za su shiga waya, mai shagon turi ya raba wa duniya da suna da bayani. In wani ya ci riba da ita, ya tuna makaɗin ya bar 'ya'ya da jikoki. Mu marubuta muna da rabo a wannan aiki, domin da harshen nan muke ci, kuma waɗannan makaɗa suna cikin waɗanda suka fi kowa sarrafa shi.

Da za mu bar majalisar a ranar, mun ji saurayin yana cewa, "Baba, in kun yarda, ran Juma'a in zo da wani mai gyaran rediyo ya duba injin nan." Dattijon bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya dai tambaye shi ko ya san yadda ake riƙe faifai, a gefe da gefe, ba a sa yatsa a kan kwarin. Yaron ya ce bai sani ba. Dattijon ya ce, "To sai ka fara koyon wannan."

Allah Ya jiƙan waɗanda suka bar mana muryoyinsu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba mu ikon miƙa abin da aka ba mu ajiya yadda muka karɓe shi. Amin.